Fitila ta Uku

Tun da Yahaya ya kafe motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gida ya fara zuba, abin da Zuwaira ta ce masa bai wuce "uhm" da "to" ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Irin samarin nan ne da in suna zance muryarsu ke yi musu daɗi, har ba su lura ko budurwar tana nan ko ta tashi.

"Sola biyu na ƙara bisa rufin bitik," in ji shi, yana gyara agogo don ta gani. "Yanzu duk Madarumfa ba mai tara wayoyin sharji bisa tebur kamata. Ke dai ki shigo gidana, Zuwaira, wayarki ba ta ƙara mutuwa har abada."

Ta ɗago ta dube shi. Da ya san inda maganar nan ta taɓa, da bai yi ta ba.

Mutuwar waya ce ta raba ta da Al'amin.

Gidansu Zuwaira yana tsallaken tafki, cikin ƴan gidajen masunta da wayar kuran, wato lantarki, ba ta kai ba. Duk mai son sharji sai ya shiga jirgi ya tafi cikin gari, in ba mai moto ba ne da zai iya zagaye tafkin. Shi ya sa da Al'amin zai tafi cirani Kaduna, can Najeriya, bai saya mata zane ba, bai saya mata turare ba. Pawa banki ya kawo mata, baƙi, mai nauyi, da ƴan fitilu huɗu jere a goshinsa. A bakin ruwa ya koya mata karatunsu.

"Ki danna nan," ya ce. "In huɗu sunka kama, cike yake, mu yi hira har ki gaji da ni. In ukku, da sauran ƙarhi. In biyu, ki rage surutu da ƙawaye. In ɗaya ce kaɗai tana ƙyaftawa, to ki aje mani ita, tawa ce."

Tana cikin dariya abin ya suɓuce ya faɗa ruwan da ya taru cikin jirgin Baba. Inna ce ta binne shi cikin buhun gero har ya bushe. Ya tashi sarai, amma fitila ta uku ba ta ƙara kamawa ba. Ko ya cika taf sai ka ga ɗaya, biyu, giɓi, huɗu. Al'amin mai wushirya ne, don haka ta laƙaba wa abin suna Mai Wushirya, ta ɗinka masa ƴar jaka da ƙyallen atamfa. Har Babanta, Malam Yusuf, wanda bai taɓa yarda ya riƙe waya ba, yakan are shi da asuba ya haska koma da ƴar tocilar da ke jikinsa, ya dawo yana cewa, "Abin nan naki mai giɓi shina da amana."

Abin ya yarda da shi, mai abin ne bai yarda da shi ba. Malam Yusuf ya ga matan ƴan cirani da yawa suna tsufa a bakin ƙofa suna sauraren ƙarar mota, ya rantse tasa ɗiyar ba za ta shiga layinsu ba. Inna ta yi ta lallashi har ya sauko, amma da sharaɗi: Al'amin ya kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya yi magana da bakinsa a gaban Baba Nomau, ƙanin Malam Yusuf da ke Safo, ya faɗi ranar da manyansa za su zo.

"In la'asar ta yi ban ji shi ba, na tashi," in ji Baba. Duk wanda ya san shi ya san in ya tashi, ya tashi ke nan.

Wayar Zuwaira tsohuwa ce, batirinta ya gaji, in ba a jone take ba ba ta daɗewa. Ran jajibiri ta ɗauki Mai Wushirya ta kai bitik, wato shagon Yahaya, abokin Al'amin tun suna ƴan lakkwal, makarantar boko, wanda Al'amin da kansa ya damƙa wa amanar sharjinta. Murna ta sa ta kwashe labarin Juma'a duka ta faɗa masa. Da ta dawo karɓa da yamma ta zaro shi daga ƴar jakarsa ta danna, sai ga fitilu huɗu reras, ba giɓi.

"Kai, Yahaya, ta ukku ta kama!"

"Na gyara maki," ya ce. "Ɗan zare ne ya saki ciki. Kar ki ce komi, ke matar abokina ce."

Har addu'a ta yi masa, doguwa.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, Baba da Baba Nomau suka zauna. Ta jona waya ta ajiye a gabansu. Ba a daɗe ba fitila ta huɗu ta mutu. Kafin ta gama mamaki ta uku ta bi ta, ta biyu ta bi, kamar wani ke hure su. Ta ɗaya ta ɗan ƙyafta ta ɗauke, wayar ma ta bi sahu. Baba Nomau ya ce tasa ya baro ta Safo. Maƙwabta duk sun tsallaka gari sallar Juma'a ba su dawo ba. Ta yi gudu har bakin ruwa ba takalmi, kafin ta sami wayar da za ta sa layinta an kira la'asar.

Ta tarar da Baba tsaye, abin yana hannunsa.

"Wannan shi ya ba ki?"

"Shi ne, Baba."

"Haske huɗu a waje, ciki ba komi. Sai ranar da anka buƙace shi ya nuna halinai. To, ki ji da kyau, mutumin da ya ba da irin wanga ba shi shiga gidana."

Da ta kunna waya saƙon murya ɗaya ta tarar. "Zuwaira, na kira har yatsana ya yi zahi. An hwaɗa mani da gangan kinka kashe, don kin samu wanda ya hi ni. Allah ya ba ku zaman lahiya." Daga nan ya rufe layinta. Ta kira, ta kira, ta ari wayar ƙawaye, da ya ji muryarta sai ya kashe.

Abin da ya fi cin ranta shi ne ko tambayarta bai yi ba. Don haka da Baba Nomau ya zo da maganar Yahaya, Baba ya ce mata shi ba ya yi wa ɗiyarsa tilas, ta faɗi abin da ke ranta, sai ta ce ta yarda. Ta yi ne don labarin ya kai Kaduna ya ƙona Al'amin. Ita ce ta yi ta ƙonewa, har zannuwanta suka fara yi mata yawa.

Kiran magariba daga tsallaken ruwa ne ya katse Yahaya. Ya miƙe ya karɓi buta. Gudun kada ruwa ya taɓa masa kaya, ya zaro wayarsa daga aljihun riga tare da pawa bankin da take jone da shi, ya ajiye a kan tabarma ya zaga bayan danga.

Abin an liƙe shi kaf da hotunan ƴan ƙwallo, gaba da baya, har goshinsa. Zuwaira ba ta yi niyyar komai ba. Babban yatsanta ne ya saba, ko maɓallin riga ya gani sai ya danna. Ta miƙa hannu ta danna.

Hasken ya ratso ta cikin takardar.

Ɗaya, biyu, giɓi, huɗu.

Ta bari ya mutu ta sake dannawa. Ɗaya, biyu, giɓi, huɗu. Ta ɗaga shi ta auna a tafin hannu, ta shafa gefensa, yatsanta ya sami ƴar lotsawar da ya yi ranar da ya bugi katakon jirgi. Ai ko cikin buhu aka sa mata shi za ta gane shi.

Wato ba gyara ya yi ba, musanya ya yi. Ya sa mata wani cikin jakar atamfarta, ya riƙe na kirki. Ga rowa kuma ta hana shi jefa shi tafki, don mai sayar da jabu ya fi kowa sanin bai kamata ya dogara da shi ba.

Ta so ta yi ihu unguwa ta taru, ta so ta ɗauki butar ta fasa masa kai. Sai ta haɗiye, ta mayar da Mai Wushirya daidai yadda ta same shi. Ihu na yanzu zai wuce, gobe ya ce saya ya yi a kasuwa, ba shaida.

Da Yahaya ya dawo yana yarfe hannu, ya tarar da abin da bai taɓa samu ba tun da ya fara zuwa: Zuwaira tana murmushi.

"Wai yaushe za ka zo ka gaida Baba yadda ya kamata?" ta ce a hankali. "Juma'a Baba Nomau na tahe."

"Allah, Zuwaira? Da bakinki?"

"Da bakina. Amma ka taho da sharji cike taf, ka san nan ba kuran. Ina son a ɗauki hotuna da yawa, in riƙa tunawa da ranar."

Ya tafi yana ta dariya, har ya manta bai kunna fitilar moto ba.

Da safe Inna Hauwa na fere kifi a tsakar gida, Zuwaira ta fito da wancan pawa bankin da ya kunyata ta daga ƙasan akwati. Tun ranar ba ta ƙara taɓa shi ba. Ta kara a kunne ta girgiza, ta ji wani ɗan sauti, shuu, shuu. Ta kara wa Inna.

"Mi ke nan?" in ji Inna.

"Abin da ya raba ni da Al'amin ke nan, Inna."

Ta durƙusa ta faɗa mata komai. Tun tana magana a tsaitsaye har kuka ya ci ƙarfinta, ta kifa kai a cinyar uwarta.

"Inna, na yi mai addu'a! Da bakin nan nawa na ce Allah ya yi mai albarka, ya ba shi mata tagari. Yana kallona yana cewa amin!"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Innalillahi. Yaron da ke durƙusa mani har ƙasa?"

"Kuma shi ya kira Al'amin ya ce da gangan na kashe. Wa ya san zancen Juma'a in ba shi ba? Ina nan ina tsine wa bawan Allah, shi yana can yana tsine mani, ɓarawon yana zaune bisa tabarmarmu yana shan ruwanmu."

Inna ta share hawaye da bakin zane. "Bari in sami Babanki a ɗaka in hwaɗa mai a hankali. Ki bar wa Allah sauran."

"A'a, Inna." Ta ɗago, idanunta sun yi jawur. "In kinka hwaɗa mai a ɗaka, zai kira Yahaya ya tambaye shi, Yahaya ya jefa abin tafki ya zo ya rantse. Kuma ba a ɗaka anka kunyata Al'amin ba. Bisa tabarma ne, gaban Baba Nomau. Nan za a wanke shi."

"Kin san Babanki ba shi maida magana. Ya riga ya ba Nomau baki."

"Ni ma ba ni son ya maida. So nike ya cika ta."

"Zuwaira, mace ba ta tsoma baki cikin zaman maza. In abin bai yi yadda kike so ba, kin zubar da mutuncinki, kin zubar da nashi, kuma auren nan sai an yi shi kina kallo."

"Na sani."

Ta sani kuwa, har ta san abin da Inna ba ta sani ba. Giɓin Mai Wushirya ba ya fitowa sai fitila ta huɗu tana da rai. In sharjin ya sauka ta huɗu ta mutu, fitilu biyu kaɗai za a gani jere, kamar na kowa, ba abin da zai bambanta shi da dubunsa a kasuwa. Duk shaidarta tana rataye a kan ƴar fitila ɗaya.

Ranar Juma'a Yahaya ya zo cikin shadda sabuwa fil, tana ƙara in ya motsa. Aka shimfiɗa tabarmar nan dai ƙarƙashin dogon yaro. Baba Nomau ya zauna ya baje, wayarsa a cinya, yau ba a baro ta Safo ba. Kusa da ita ga wani pawa banki baƙi.

"Ka gani, Yaya," yake ce wa Malam Yusuf, "tun ba a ɗaura ba ya hwara kula da mu. Shi ya ba ni wanga. Ba shi daɗewa dai, amma ya ce laihin wayata ne."

Zuwaira tana leƙe ta kafar danga. Ba fuskar Yahaya take kallo ba, igiyar da ta fito daga aljihunsa ta shiga wayarsa take kallo. Tun da ya zauna wayar ke jone tana zuƙa. Allah kaɗai ya san tun yaushe, wataƙila tun kafin masallaci.

Su kuwa gaisuwa ta ƙi ƙarewa. An tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi gero da wake na Safo, an koma kan tsadar taki. Baba Nomau ya ɗauko labarin wani jaki da ya saya, wanda kowa ya ji har ya haddace. Yahaya ya kunna masa bidiyon kokawa, suka kafa kai suna ta kallo, hasken waya a ƙure.

Kowane kaye da aka yi cikin wayar nan, daga jikin fitilar Zuwaira ake cire shi.

"Ki jira su ci abinci," Inna ta raɗa mata.

"In na jira, ba ni da sauran magana."

Ta sunkuya ta mirgino turmi, ta saɓa taɓarya, ta fita. Mazan suka ɗago gaba ɗaya. Ta kafa turmin a gefen tabarma, ta durƙusa har ƙasa.

"Ke, lahiyarki?" Baba Nomau ya daka mata tsawa. "Nan wurin daka ne?"

"Baba, ku gahurce ni," ta ce, idonta a ƙasa. "Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da kuka zauna nan jiran Al'amin, Baba ya yi wata magana. Ya ce mutumin da ya ba da abu mai haske a waje, ciki ba komi, ba shi shiga gidanai. Maganar tana nan?"

Malam Yusuf ya dube ta. "Ni na taɓa maida magana?"

"Alhamdu lillahi."

Ta ciro abin daga jakar atamfa ta jefa cikin turmi, ta miƙe ta ɗaga taɓarya. Duk baƙin cikin da ta haɗiya tun daga waccan Juma'ar ta tara shi a hannu ta sauke. A bugu na biyu abin ya dare. Ta kife turmin a gaban tabarma.

Ɗan batiri guda ya mirgino, bai kai yatsa ba. Sauran duk ƙullin leda ne, sun fashe, rairayi na zuba.

"La'ilaha illallahu," in ji Baba Nomau. "Ƙasa! To ai ga shi nan, Yaya, ƙasa ɗan ciranin ya ba ta!"

"Haka ne," Yahaya ya yi saurin cewa, goshinsa ya fara tsatsafo da gumi. "Can Najeriya sun iya wannan. Na so in hwaɗa maki tun lokacin, kunya na ji."

"Baba," in ji Zuwaira, ko kallonsa ba ta yi ba, "kai ka sha haska koma da wanda Al'amin ya ba ni. In an danna shi, ƙaƙa hitilunai ke kamawa?"

"Biyu, sai giɓi, sai ɗaya."

"Wanga da na hwasa, huɗu reras yake kamawa, tun ranar da na kai sharji bitik ɗin Yahaya ya ce mani ya gyara. Baba, ka ce ya hiddo abin da ke cikin aljihunai."

Yahaya ya dafe aljihunsa.

"Haba, Zuwaira," Yahaya ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Wannan ai nawa ne, Maraɗi na saye shi. Baba, wasa take."

"Hiddo," in ji Malam Yusuf.

"Baba, ai..."

"Na ce hiddo."

Yahaya ya zaro. Malam Yusuf ya karɓa, ya sa farcensa mai kauri ya ɗaye hoton ƴan ƙwallon da ke goshin abin, a hankali kamar mai ɓare kifi. Ya miƙa wa Zuwaira.

Ta kasa dannawa. Yatsan da ba ya ganin abu bai danna ba yau ya sandare. In biyu kaɗai suka kama fa? Ta ga kanta a ɗakin Yahaya, duk gari na cewa ƴar Malam Yusuf ta yi wa mijinta ƙazafi tun ba a ɗaura ba. Ta runtse ido ta ce bismillahi, ta danna, ta buɗe.

Ɗaya. Biyu. Giɓi.

Can ƙarshe ta huɗu ta kama, tana ƙyaftawa, tana shirin tafiya.

Malam Yusuf ya sunkuyo ya duba da kyau. Ya juya abin ya shafa lotsawar da ke gefe.

"Katakon jirgina ne ya yi wannan," ya ce.

Suna kallo ta huɗun ta ƙyafta ta ɗauke, ya rage biyu jere. Da ta jira abinci da shi ke nan.

Baba Nomau ya dubi rairayin da ke ƙasa, ya dubi nasa da ke kan cinya. Ya ɗauka ya kara a kunne ya girgiza. Fuskarsa ta canza. Bai ce a ba shi taɓarya ba, dutse ya ɗauka ya maka masa. Rairayi ya zubo masa a kan babbar rigarsa ta Juma'a.

"Ni?" ya ce, muryarsa ta sirance. "Ni Nomau za ka ba ƙasa? Ina yawo da ita Safo ina nuna wa mutane, ina cewa surukina ya ba ni? Ashe rairayi nike ɗauke da shi cikin aljihu!"

"Baba, kuskuren kaya ne, wallahi daga kanfani..."

"Rufe mani baki, ɗan banza!"

Zuwaira ta tsaya tana kallon Yahaya yana ƙanƙancewa cikin shaddarsa. Ta yi zaton za ta ji tausayinsa ko kaɗan. Ta duba ranta sarai, ba ta sami ko ɗigo ba. Daɗi ta ji, mai sanyi, har cikin ƙashi, kuma ba ta gama ba.

"Baba, saura ɗaya. Al'amin ba shi ɗaukar kirana, don an ce mai da gangan na kashe waya. Amma akwai wanda yake ɗaukar nashi."

Malam Yusuf ya juya ga Yahaya. "Kira shi."

"Ba ni da nimeronai, Baba, mun daɗe ba mu..."

Baba Nomau ya fizge wayar, ya kama yatsan Yahaya ya dangwala ta buɗe, ya miƙa wa Zuwaira. Ba ta sha wahalar nema ba, sunan yana cikin waɗanda aka kira kwanan nan. Ta jona wayar da Mai Wushirya, ta danna kira, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

Ta yi ƙara, ta sake yi. Inna ta fito bakin danga ta dafe ƙirji.

Aka ɗauka. Ƙarar injin kwaɓa siminti ta fara shigowa, sannan muryar da Zuwaira ta daɗe ba ta ji ba, a gajiye, kamar ta wanda ya tashi daga ciwo.

"Yahaya? An sa ranar ko? Don Allah na roƙe ka, ka daina kirana kana hwaɗa mani yadda take murna. Na ji, ta zaɓe ka. Ba ni iya jin sauran."

Zuwaira ta toshe baki da mayafi, hawaye suka ɓalle. Baba Nomau ya sunkuyar da kai yana kaɗe rairayi daga riga.

Malam Yusuf ya miƙo hannu. Mutumin da bai taɓa riƙe waya ba ya karɓe ta da hannu biyu, da ita da Mai Wushirya, ya riƙe nesa da fuska kamar mai gudun ta cije shi.

"Yaro," ya ce da ƙarfi, "kar ka kashe. Yusufu ne, uban Zuwaira."

Ƙarar injin ta yi nisa, da alama ya fita da gudu.

"Ba... Baba? Ina wuni, Baba?"

"Lahiya lau. Tabarmar da na shimhiɗa maka ran Juma'a, ga ni bisanta, ga Nomau, la'asar ba ta yi ba. Hwaɗi abin da ka so hwaɗi."

Ta gefen ido Zuwaira ta ga Yahaya yana jan jiki a hankali, ya laluɓo takalmi ɗaya, idonsa na kan motonsa. Ta taka ta tsaya tsakaninsa da moton, taɓarya na hannunta, ta share fuska da bayan hannu.

"Ina za ka, abokin ango?" ta ce. "Koma ka zauna. Ai ba ka tahiya ka bar wayarka, da ita za a sa rana."